Jaririn da Na Goya Zuwa Doguwa

Kano

Ranar jajiberin Kirsimeti, ana kiran assalatu na fito daga ɗakina na Sabon Gari, jaka a hannu, kwali a ka. A cikin kwalin akwai mutum-mutumin jariri Yesu, na farar ƙasa, irin wanda ko tari ka yi kusa da shi sai ka duba ko ya tsage.

Ga dalilin tafiyar. A ƙauyenmu da ke gaba da Doguwa muna da ɗan cocin Katolika, Babana ne katekis, wato mai koyar da addini a cocin. Bara, wajen kwashe kayan ado, jaririn da muke kwantarwa a komin dabbobi duk Kirsimeti ya faɗi ya tarwatse. Mama Laraba, shugabar zumuntar mata, ta ce mawaƙa ne. Baba Istifanus, shugaban mawaƙa, ya ce mata ne. Shekara guda ke nan, duk sa'ad da Fada, limamin cocin, ya ce a ba juna hannun salama a lokacin sujadar Misa, ita sai ta hau gyaran ɗankwali, shi kuma tari ya taso masa. Coci ya rabu biyu a bayansu. Babana ya aiko mini cewa in bana ma komin ya kwana fanko ana zagin juna a kansa, zai ajiye aikin. Na san ajiye aikin nan shi ne ajalinsa, shi ya sa na sayo sabo.

A tasha na tarar kuɗin mota ya ninka, don direbobi sun fi kowa sanin kalandar Kirista. Ɗan kamasho ya fizgi kwalina zai cusa ƙarƙashin buhunan barkono. Na ce ko sama da ƙasa za ta haɗe. Na koma bayan wata rumfa, na naɗe jaririn a tawul, na sa masa hula, na goya shi, na lulluɓe da mayafi. Ni Rahila, mai jikoki uku, na fito da goyo.

Ɗan kamashon nan da ya gama yi mini tsawa ya dube ni ya ce, “Ayya Mama, ai ba ki ce da jariri kike ba. A ba mai jego bakin taga!”

Kwanar Ɗangora

Ba mu fita daga gari ba direba da mai barkono suka kaure kan kuɗin kaya. Har an kai ga ambaton iyaye, sai wata Hajiya da ke kusa da ni ta ce, “Ku ji tsoron Allah, jariri na barci!” Nan take murya ta sauka. Ba su bar faɗan ba, amma da raɗa suka ci gaba, kuma zagi da raɗa ba ya nisa. Kafin mu wuce hanyar Bagauda mai barkono ya miƙa wa direba goro.

Hantsi ya yi muka tsaya a Kwanar Ɗangora. Masu rake da gurasa da dafaffen ƙwai suka yanyame motar. Ni dai ina zaune a karkace, ba halin jingina, bayana kamar an dake shi da taɓarya. Hajiya ta sayo mini kunu ta ce in sha don ruwan nono. Na sha, Allah ya yafe mini, kunun ya yi daɗi.

“Yaron nan ba ya kuka?”

“Mai haƙuri ne, Hajiya.”

“Yaya sunansa?”

“Isa.”

“Masha Allah. Babansa fa?”

“Labarin da tsawo, Hajiya.”

Ta girgiza kai cikin tausayi, ta ce maza duk halinsu ɗaya.

Tudun Wada

A nan asirina ya tonu. Muna tsayawa wasu 'yan mata masu rigakafi suka leƙo da akwatinsu, suka ce duk mai goyo ta sauke a ɗiga masa. Na ce an yi masa. Suka ce in nuna yatsan da aka shafa wa alama. Hajiya ta ce, “Kawo shi, baiwar Allah, ni dama hankalina bai kwanta ba. Tun Kano ko motsi.” Kafin in yi magana ta yaye mayafin, ta taɓa kumatunsa ta ji sanyi ƙalau. Salatin da ta saka ya tara mana rabin tasha.

Na sauke shi a gaban kowa, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga shi nan da hularsa, ya buɗe hannuwa yana murmushi. Yarinyar rigakafi ta tsaya da maganinta a sama, ta rasa bakin da za ta ɗiga wa.

Hajiya ta ce, “Gunki! Gunki na saya wa kunu?”

Na ce ba bauta masa muke yi ba, abin tunawa ne, kamar yadda mutum ke rataye hoton uwarsa. Na ba su labarin cocinmu da Babana, ban san hawaye ya zubo ba. Wani dattijon malami da ke gaba, wanda tun Kano carbi kawai yake ja, ya waiwayo.

“Mu dai ba ma yin siffar annabawa, kin sani. Amma tun safe na ga abin da ya hana direba da mai barkono cin kwalar juna. Mayar da shi inda yake, mu isa lafiya.”

Hajiya ta yi tsaki, ta ce dama ɗaurin da na yi ba na kirki ba ne. Ita ta sake goya mini shi, ta ƙara da majanyinta.

Dajin Falgore

Hanyar akwai ramuka. Abin mamaki, direban da ya riga ya san gaskiya duk ramin da ya gani sai ya taka burki ya ce, “Mama, ɗan naki lafiya?” A shingen jami'an tsaro wani ya leƙo ya ga goyo, ya ce Allah ya raya. Motar gaba ɗaya ta amsa da amin, har da malam.

Gida

A Doguwa muka rabu. Na hau acaɓa, na gargaɗe shi ya tafi kamar mai ɗauke da ƙwai. La'asar ta yi muka isa, tun daga nesa kuma na jiyo su. An gina bukkar komin da sabuwar ciyawa, an jera Maryamu da Yusufu da tumaki, ana ta hayaniya kan wa zai riƙe mabuɗin coci bana. Babana na zaune a kan benci ya haɗa kai da gwiwa.

Na tako tsakiyarsu na ce, “Ku rage murya, yana barci.”

Wurin ya yi tsit. Mama Laraba ta dafe ƙirji ta ce da raɗa, “Rahila! Yaushe? Ko kin zama Saratu matar Ibrahim?”

Na ce bayana ya ƙage, ba zan iya sauke shi ni kaɗai ba, kuma ba ƙarya na yi ba. Ɗaurin Hajiya sai da haƙori. Mama Laraba ta kama kwancewa, goyon ya soma zamewa, ta ce, “Istifanus, tare shi mana!” Ya tare da hannu biyu. Suka ga ko wane ne. Ba wanda ya yarda ya saki, don kowa na tsoron a ce shi ya fasa na bana. Haka suka taka tare, a hankali, kafaɗa da kafaɗa, har suka kwantar da shi.

Na ba Babana labarin motar, ya yi dariya har da share ido. Washegari da Fada ya ba shi dama ya yi magana, sai ya ce Allah ya san halinmu sarai. Da ya zo mana da tsawa, da mun ɗaga murya mun fi shi. Sai ya zo jariri, don a gaban jariri ko mafaɗaci yana sassauta murya, yana buɗe hannu. Ya ce salamar Kirsimeti ke nan, ba mu muka ƙulla ta ba, miƙo mana ita aka yi mu riƙe.

Da aka zo ba juna salama na zuba ido. Hannun Mama Laraba ya tafi wajen ɗankwali, ya tsaya a hanya. Baba Istifanus ya yi ɗan tarinsa guda ɗaya, sannan ya tsallako layin benci ya miƙa mata hannu. Babana bai ajiye aiki ba.

Na gode wa Allah da ya kai mu lafiya, ni da ɗana. Na gode wa direba da malam. Hajiya kuwa, majanyinki na nan a ƙarƙashin jaririn, shi ne shimfiɗarsa.