Aljanin da na kai Bwari a cikin wayata

Mararaba

Ana sallame asuba na fito, ko koko ban sha ba. Yaya Sabo ne ya sayi fili a wani ƙauye bayan Bwari don ya gina wa Inna ɗaki biyu, ya aike ni in ɗauko masa hoto. Na ɗauko, sai ga wani koren ɗigo mai sheƙi a cikin hoton, a tsakiyar filin. Matarsa, Anti Rabi, ta ce aljani ne. Maimakon in yi shiru, ni sarkin iyayi, na ce lalle na ji tsigar jikina ta tashi a wurin. Ƙarya ce, Allah Ya yafe mini. Yaya ya ce ya fasa ginin, Inna kuwa har ta fara ɗaure kwanukanta. Dole na koma.

Hanya

Daga Nyanya muka shiga cunkoso, kwandasta yana rantsuwa akwai sauran wuri alhali gwiwata na cikin haƙarƙarin wani. A Dutse na sauya ƙaramar mota, mu huɗu a baya. A shinge ɗan sanda ya leƙo ya ce, "Oga direba, yaya safiya?" Direba ya amsa gaisuwar da hannu a dunƙule.

Rana ta ɗago ta gefen dama. Na gwada ɗaukar duwatsu ta taga, sai ga koren ɗigon a kan hular direba. Na karkata wayar, ya koma kan kunnensa. Na ce masa akwai aljani a hularsa. Ya ce in gaya wa aljanin ya biya kuɗin mota.

Bwari

Ɗan acaba ya sauke ni da hantsi. Madam Ladi, mai gonar doya a maƙwabtaka, ta gane ni, ta tambaya ko ni ne wancan da ya tsaya a gindin mangwaro yana cin soyayyen kifi, ya ƙi taka filin. Ni ne. A ranar, ƙyuya ce ta hana ni zagayawa, na auna wayar saitin rana, ga maiƙon kifi a gilashin kyamara.

Yau na goge gilashin da gefen riga. Na zagaya har rana ta koma bayana, ƙaya tana cin ƙafata. Hoto ya fito tas. Ta ɓangaren da ba makawa sai na fuskanci rana, na yi wa wayar rumfa da hulata, ɗigon ya ɓace. Don in kafa hujja, na roƙi Madam Ladi ta ɗauke ni rana na bayan kaina. Ɗigon ya sauka daidai goshina. Na tura wa Yaya duka, haɗe da neman gafara.

Gida

Na iso Mararaba bayan la'asar, na gode Allah, na gode wa Madam Ladi da doyar da ta gasa mini. Yaya ya kira ya ce magina za su fara, a gaya wa Inna. Sai Anti Rabi ta karɓi wayar.

"Alhamdulillahi, ya bar filin," in ji ta. "Amma tunda kai ya bi, kada ka zo cin tuwon Juma'a sai an yi maka ruƙiyya."