Haruffa Masu Dunduniya

A gidanmu na Unguwar Tudu, da an idar da sallar isha sai mu kewaye murhun Inna Dije, kakarmu ta wajen uba. Ba don mu take hura wutar ba. Wuƙar zanen ƙwarya take gasawa, tatsuniyar kuma sai lokacin da take jiran ƙarfen ya yi ja. Ni da yayana Habu ba ma fashi.

"Ku matso, ga ta ta iso," haka take farawa.

Akwai wadda ta fi maimaitawa. Wata mata ce mai 'ya'ya biyu, duk masu zanen ƙwarya. Zanen babbar siriri ne kamar gashi, kowa sai yabo. Ƙaramar kuwa danna wuƙa take yi har zane ya fito baƙi ƙirin, ta yi wa kowane layi ɗan gindi. Har dariya ake mata. Wata shekara ruwa ya ci garin, kowa ya yi ta kansa. Da aka daɗe, uwar tana ratsa wata kasuwa sai ta hango ƙwarya a kan wata budurwa, tun daga nesa ta gane zanen ƙaramar 'yarta ne.

"Babbar fa, Inna?" in ji Habu.

"Ita ma tana kasuwar. Ta gaban uwar ta wuce."

"Daga baya fa?"

"Babu daga baya. Miƙo min ƙwaryar can."

Yanzu a wani shagon buga takardu nake aiki a Gwarzo: katin biki, kalanda, allon kanti. A cikin kwamfuta akwai wani salon rubutu na da, mai kauri, kowane harafi da 'yar ƙafarsa a ƙasa. Mai dunduniya muke ce masa. Amare ba sa sonsa, wai ya cika tsufa. Masu kemis da makarantun islamiyya shi suke nema, don yana da kwarjini, kuma ana karanta shi daga tsallaken titi.

Habu ya girma da lalurar ƙwaƙwalwa, takan tashi ta kwanta. Bara ya tafi cin kasuwa Kabo, bai dawo ba. Baba ya zo shago da hotonsa a aljihu.

"Rabi, ki yi wanda za a gani daga cikin mota."

Na rubuta CIGIYA da mai dunduniya, na sa sunan a ƙasa. Na zaci kuka zan yi. Sai na tarar ina gyara tazarar da ke tsakanin haruffa. Mai shagon ya ce, "Tashi ki je gida, zan ƙarasa." Na ce masa sunan bai zauna tsakiya ba tukuna.

Mun liƙa a tashoshi da ƙofofin masallatai, daga Gwarzo har Kabo. An yi ta kira. Duk inda Baba ya je, ba shi ba ne.

Ina yarinya na ɗauka Inna tana koya mana ne cewa abin da aka yi da kauri ba ya ɓata. Ba ta taɓa faɗin haka ba. An ga ɗaya, ba a ga ɗaya ba, iyakar abin da ta ce ke nan.

Damina ta wanke hoton da ke bangon tashar Kabo, fuskar ta koma fari fat. Sunan yana nan daram. Ranar da na bi ta wurin na karanta shi ta tagar mota, harafi bayan harafi, babu kuskure ko ɗaya. Direba ya ja muka tafi.