Taswirar da ba ta san kufanmu ba

Shekarun baya, tun gwiwa ba ta fara yi min gardama ba, masu fasa dutse suka zo ƙauyenmu, can wajen Kwandiko. Suka baje wata tsohuwar taswira a ƙofar gidan mai unguwa, ta zamanin Turawa, ta yi ja kamar ganyen taba. An zana dutsenmu da layuka zagaye-zagaye, irin na bayan ƙwarya. Na leƙa, na gyaɗa kai kamar mai sani, ashe a juye nake kallonta.

Babbansu ya ɗora yatsa a gindin dutsen ya ce, "Nan daji ne, ba gari, ba komai. Ta nan hanyar motocinmu za ta bi."

To, nan ne kufanmu. Kakanninmu a lungun duwatsu suka kafa bukkoki don gudun aikin tilas, mai awon ƙasar da ya zana taswirar bai gan su ba. A nan mahaifiyata take kwance, da 'ya'yana da ƙyanda ta ɗauke. Dattawa suka sunkuyar da kai, wai ba a ja da takarda.

Gari na wayewa na ɗauki tabarma da buta, na je na zauna tsakanin kaburburan, katafila na huci a gabana. Hantsi bai yi ba sai ga liman da mai unguwa suna haki.

Liman ya ce, "Haba Inna! Mace a maƙabarta? Tashi, kada ki ja mana abin faɗa."

Na ce, "Allah gafarta Malam, jiya kana zaune aka ce daji ne. In daji ne, ku bar ni in sha iska. In kuwa maƙabarta ce, zan tashi, amma ƙarfen nan ya riga ni."

Injin katafila na ta ƙara. Can liman ya tuɓe takalminsa, ya fuskanci kaburbura, ya yi wa mamata sallama. Direban, mutumin Sundimina ne, ya kashe inji ya sauko, ya ce shi ba zai taka Musulmi ba, ko a bakin aikinsa.

Hanyar motocin kuwa, ta bayan dutse ta bi.

Har yau akwai matan da ke cewa na yi rashin kunya. Na yi, ban musa ba, kuma na nemi gafarar Allah, ban nemi ta kowa ba. Wanda bai gan ka ba, shi ke cewa ba ka nan. Yanzu ko rijiya ba na iya zuwa, amma na gaya wa 'ya'yana: in masu fasa dutsen sun dawo, a ɗora ni a amalanke a kai ni kufan.