Bakan Phurba Ya Ƙi Bushewa

Duk wanda ya san Phurba Dendup ya san harshensa kullum a ƙone yake, don bai taɓa jiran shayi ya huce ba. Uwarsa ma ta ce a gonar masara ta haife shi, bai bari ta kai gida ba. Haka ya tashi: ya tone dankali tun yana kamar ƙwan tsuntsu, ya ɗanɗana giyar ara tun ba ta nuna ba, sannan ya zagi tukunya. Harbin baka ne kaɗai ya rufa masa asiri. Tun yana saurayi ƙauyenmu bai taɓa fita gasar sabuwar shekara da mutanen ƙetaren rafi ba sai da shi.

To amma gashi ya yi fari. Kezang, shugaban maharba, ya fara zancen ido da kafaɗa, yana yawan ambaton wani surukinsa mai dogon hannu. A gaban mutane ya faɗa cewa bana duk wanda bai zo da baka a shirye ba, sai ya zauna cikin masu tafi. Bai kira suna ba, Phurba kawai yake kallo.

Bakan Phurba na gora ne, damina ta sha shi har bayansa ya fara tsattsagewa. Mai hankali zai shafa masa ƙaron wani itace da ake kira se tun ƙasa na da laima, lokacin da masu akushi ke shafa nasu. Phurba sai da aka fara share filin gasa ya tuna. Ya samo ƙaron ya shafa da tafin hannu, don shi fatarsa ta ɓauna ce, abin da ke kumbura mutane ko sosa shi ba ya yi. Sai ya rataye bakan a saman murhu, tsakanin barkono da busasshen nama.

Matarsa Lhaden ta ɗaga kai. "Maigida, wannan fa ba nama ba ne."

"Wa ya tambaye ki?"

"Babu. Amma kawuna akushi yake yi, ban taɓa ganin ya kai ƙaro kusa da wuta ba. Laima yake so, da ɗan ɗumi. A busasshiyar iskar nan zama zai yi yana kallonka."

"Abu ya bushe da ruwa? Ke Lhaden, tsufa ya fara taɓa ki."

Kullum da safe sai ya hau kujera ya ɗora yatsa, yatsan ya manne. Ya ƙara itace a wuta, bakan ya ƙara danƙo, ya kama toka, ya kama wani ƙuda da tsautsayi ya kawo. Makwabta suka riƙa zuwa dubiya. Su tsaya ƙarƙashin bakan su ce, "Ya mai jiki? Ya ɗan ci abinci kuwa?" Phurba ya kore su da ludayi.

Ana haka mai duban ƙauyenmu ya ce lokaci ya yi da maharba za su bar gidajensu su koma rumbun ciyawa da ke kan tudu, kowa ba zai sake ganin matarsa ba sai a fili. Phurba ya sauko da bakan, yana nan jagab. In ya tafi da shi, Kezang zai gani. In ya bar shi, daga shi sai Lhaden, ga shi kuma kowa ya san mace ba ta taɓa baka, in ta taɓa an ce kibiya ta ɓace ke nan.

Ya jingine shi a bango, ya daɗe yana gyara ɗamararsa.

"Ni dai ban ce ki yi komai ba."

"Na ji."

"Kada ki taɓa shi."

"Da wane hannu? Ni da ko warin ƙaron nan ke kumbura mini ido."

Ya fita, ya bar ƙofa a buɗe.

A kan tudu ya ce wa Kezang tsirkiya ake canza wa bakan. Kezang ya tauna doma, goron ƙasarmu, ya tofar da jan yawu. Phurba ya kasa cin abinci. Da rana sai ya hango hayaƙi a bayan gidansa, daidai inda kwamin wanka yake, inda ake gasa duwatsu a jefa cikin ruwa. Wani ya zungure shi. "Ka ga, daga barinka gida matarka ta samu sararin wanka." Washegari ma hayaƙin na tashi. "Kai, wannan datti nawa ka bar mata?" Phurba bai yi dariya ba. Ya san ba wanka ake yi ba.

Ran gasa da sassafe ya gangara. Bakan na bakin shinge a kan wani katako, an lulluɓe shi da bargo mai danshi. Ya yaye, ya ɗora yatsa da tsoro. Ƙarau! Santsi kamar akushin biki, yana ƙyalli. Sai dai kusa da mariƙi akwai shatin wani ɗan babban yatsa, ƙarami, wanda ba nasa ba. Ya ɗora nasa a kai ya rufe.

Fili ya cika. Alluna biyu can nesa da juna, mata sun yi da'ira suna rawa suna waƙe maharban ƙetare, wai ƙafafunsu kamar na kaza. Lhaden na cikinsu, hannun riga a sake har ya rufe yatsu, ba ta tafawa. Da aka zo rabon shayi ta ɗaga buta, hannun rigar ya zame. Daga wuyan hannu zuwa gwiwa jawur, a kumbure, duk ƙuraje masu ruwa.

Tobgay na ƙetaren rafi, wanda bakinsa ya fi kibiyarsa nisa, shi ya fara gani.

"Kai jama'a! Ku zo ku ga cizon se! Yaya Phurba, ashe bana da bakan uwargida za ka harbe mu?"

Mutanen ƙetare suka fashe da dariya. Ɓangarenmu kuwa har masu rawa suka tsaya. Kezang ya tako a hankali, surukinsa na biye da shi, ya riga ya rataya kwari.

"Ɗaga yatsanka daga mariƙin nan, Phurba."

Phurba ya kalli Lhaden. Ta ajiye buta, ta ja hannun riga, idonta a ƙasa. Ya ɗaga yatsan.

"Ta taɓa," in ji shi. "Ni na gasa shi kamar nama, ita ta tashe shi. Ka ba ni kibiya biyun da kowa ke da su. In sun ɓace, surukinka ya tsaya a wurina har abada."

Kezang ya kalli mai duba, mai duba ya kalli sama. Aka ba Phurba wuri.

Kibiyar farko ya sake ta tun bai gama ja ba, irin halinsa. Ta wuce allo ta faɗa cikin kara. Tobgay ya hau gaban allo yana juya ɗuwawu. "Nan yake, tsoho! Ko a kira uwargida ta nuna maka?"

Phurba ya ɗora ta biyu. Iska na kaɗa tutocin addu'a na gefen fili. Ya ja, ya tsaya. Gumi na shiga idonsa, namu na ta ihu ya saki, bai saki ba. Sai da tutocin suka kwanta.

Kibiyar ba ta sami allo ba. A ƙasa ta cake, dab da gindin allon. Aka ruga aka gwada tazarar da tsawon kibiya, don wadda ta faɗo cikin wannan tazara ita ma tana da maki. Ta shiga, har da rara. Maki ɗaya.

Kezang ya sosa ƙeya ya daɗe. "Wannan ba ɓata ba ne," ya ce. Ya juya ga surukinsa. "Je ka zauna."

Gasar dai mutanen ƙetare suka cinye ta, amma ba wanda ya ɗora wa bakan. Hannun Lhaden ya daɗe bai warke ba, Phurba ne ke girki, shinkafa kullum da ƙwaya a ciki don ba ya barin ta nuna. Wani mai akushi ya ce ya kawo bakan a goge shatin a sake shafawa, Phurba ya ƙi. Har yau in ya fito fili sai wani ya ce, "Yaya Phurba, ta ba ka aro yau ma?" Shi kuma ya ɗora yatsansa a kan nata, ya ce a matsa masa.