Ranar da Na Kira Kaina Bawa

Wata Laraba, a kakar shekarar da nake aji huɗu a ƙauyenmu na ƙasar Gummi, Malam Garba ya ɗaga mana littafi mai hoton baƙaƙen mutane cikin gonar auduga. Ya ce bayi ne a Amurka, tun zamanin da. Sau ɗaya a shekara ake raba musu tufafi masu kaushi kamar buhu, yara kuwa riga ɗaya tal, ba wando ba takalmi. In zazzaɓi ya kama mutum, mai tsaron gona ne zai ce ko ciwo yake ko ƙarya, galibi kuma a kora shi aiki. Maganar ta zauna mini, don mu ma lokacin cirar auduga ne, kuma duk gidanmu ba wanda ya kai ni ƙin gona.

Na sha yin ciwon ƙarya har Baba ya daina yarda da ni. Ranar Asabar sai na tashi da zazzaɓi na gaske, kaina kamar zai tsage. Baba ya taɓa goshina sama-sama, ya ce in ɗauki buhu in bi yayyena. Ni kuwa da sabon ilimina, na tsaya tsakar gida na ɗaga murya: "Ashe mu ma bayi muke, awa na Amurka!"

Inna ta saki muciya. Baba ya sunkuyar da kai. Ashe kalma ce da ba a furtawa a gidanmu, ni ban sani ba. Kakata Iya Hajo, wadda ta haifi Baba, ta ajiye zaren da take kaɗi, ta zo ta kama hannuna ta ji zafinsa. Ta ce, "Wanga yaro ba shi zuwa ko'ina yau." Ta kwantar da ni a gadonta, ta lulluɓe ni da gwadonta, ta dama mini kunun tsamiya.

Ina sha tana magana a hankali. Ta ce uwarta a rinji aka haife ta, wato ƙauyen bayi masu yi wa ubangida noma. "Zane guda gare ta. In ta wanke shi sai ta ɓuya cikin dawa har shi bushe. Ƙanenta masassara tak kashe shi cikin gona, da hauya ga hannu, don ba wanda yac ce shi kwanta." Ta gyara mini lulluɓi, ta ce, "Kai kau ga ka kwance."

Kunya ta rufe ni. Da la'asar Baba ya shigo da ƙwayar magani, ya ce mini sannu, daga ranar kuwa ban sake ciwon ƙarya ba.

Yau yarana tufafinsu sun cika akwati, ko tari ɗayansu ya yi sai asibiti. Ina gode wa Allah, ina kuma yi wa Iya Hajo addu'a kullum. Abu ɗaya ke damuna: ban tambaye ta sunan ƙanen nan ba, kuma babu sauran wanda ya sani.