Jikan Inna a Talabijin Tara

Kawuna mai gyaran talabijin ne. Abu biyu aka san shi da su a layinmu: kunnuwa kamar faifai, da ƙin zubar da kaya. Shagonsa cike yake da tsofaffin talabijin masu ƙatuwar ƙeya, waɗanda masu su suka kawo gyara suka manta da su. A ƙarƙashin tebur kuma akwai wata tsohuwar kwamfuta, irin wadda sai an jona ta da talabijin take nuna rubutu. Duk wanda ya ce ya jefar da ita, sai ya ce, "Ba mutuwa ta yi ba, hutawa take."

Matarsa, wadda muke kira Inna, idonta ya yi rauni. 'Yarsu da ke aure a wata ƙasa mai nisa ta haihu, ta aiko da bidiyon jaririn. Inna ta matsa har hancinta na taɓa gilashin wayar hannu, amma dishi-dishi kawai take gani. Ta koma ta zauna. Wallahi ta ba ni tausayi. Shi kuwa Kawu ranar ko abinci bai iya ci ba.

Bai yi shawara da kowa ba, ya kwashe kujerun falo, ya kafa katako, ya jera talabijin tara, uku-uku, har kusa da silin. Ya yi ta fama da dalma har ya haɗa wani akwati mai yanka hoto gida tara. Tsohuwar kwamfutar ce za ta riƙa gaya wa akwatin yankin da zai tura wa kowace talabijin. Da na leƙa na ga wayoyi sun cakuɗe a baya, na ce, "Kawu, ka sa musu alama mana."

Ya harare ni. "Ni za a koya wa wayoyina?"

Ranar kunnawa maƙwabta suka cika falo. Kawu ya danna kwamfuta yana hura hanci, bango ya kawo haske. Sai ga baki a sama, ido ɗaya a ƙasa, hanci can a kusurwa, kuma kore shar, don talabijin ɗin nan dama launinta ya lalace.

Inna ta ce, "Malam, jikan nawa ne ka wargaza haka?" Ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Rabon da mu ji dariyarta har mun manta.

Kawu ya shige bayan katakon yana gumi, yana cire waya yana sauya mata rami, mu kuma muna ta ihu: "Ido ya koma hagu! A'a, goshi ne ka saukar!" Na so in tuna masa maganar alama, na dai haɗiye.

Can sai fuska ta haɗu, ta fi ƙofar ɗaki faɗi. Inna ta miƙe, ta taka a hankali, ta ɗora tafin hannunta a kan talabijin ta gefen dama.

"Na gan shi," ta ce. "Malam, fito ka gani. Kunnenka ne ya ɗauko, wallahi kunnenka ne sak!"

Kawu bai fito ba. Ya ce akwai wata waya da yake dubawa. Amma duk muna jin sa a bayan katako yana fyace hanci.