Ɗakin Baya Da Aka Kai Mahaifinmu

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Gawuna. Mijina ya rasu, na dawo gidanmu na Nassarawa da 'ya'yana biyu. Mahaifinmu tsohon ma'aikacin gwamnati ne, da guminsa ya gina gidan, kuma yayyena maza uku duk a ciki suke da iyalansu. Ban daɗe da dawowa ba ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya yi nauyi.

Shekarun ƙaddamar da Shari'a ne, babban yayanmu kuma ya fito takarar majalisar jiha. Duk inda ya hau duro sai ya yi wa jama'a wa'azin biyayya ga iyaye. A gida kuwa ni, 'ya mace, ni ke yi wa Baba tsarki da wanka. Duk sanda zan taɓa shi sai ya juya fuska bango yana hawaye saboda kunya. Na roƙi yayyena ko ɗaya ya karɓi wankan kawai, kowa ya kawo uzurinsa.

Wata rana na dawo daga makaranta na tarar an ɗauke Baba daga ɗakinsa an kai shi ɗakin baya, kusa da na maigadi. Yaya ya ce baƙinsa na siyasa suna jin wari daga falo, amma bayan zaɓe za a mayar da shi. Da na buɗe baki, sai ya tuna min cewa ni da 'ya'yana zaman alfarma muke yi. Sai na bi Baba da bokiti da zannuwan gado. Kullum sai ya nuna min babban gida da hannunsa mai lafiya ya ce, “Ɗakina.” Ni kuma in ce masa gobe.

Ranar da manyan jam'iyya suka zo dubiya aka sa masa babbar riga, aka fesa masa turare, aka turo shi falo a keke. Yaya ya durƙusa gabansa aka ɗauki hoto. Baƙi na fita aka zo mayar da shi, Baba ya damƙe ƙofar ɗakinsa ya ƙi saki. Yaya da kansa ya ɓamɓare masa yatsu. Ina tsaye a wurin.

Yaya ya ci zaɓe, ba a mayar da Baba ba, a ɗakin bayan ya cika. Wurin zaman makoki ina jin mutane suna sa wa Yaya albarka, wai ya riƙe mahaifinsa riƙon amana.

Har yau raina na tafasa, kuma ban wanke kaina ba, don tsoron rasa matsuguni ne ya rufe min baki. Duk mai tsoho a gida, in ka ga ana wulaƙanta shi ka yi magana tun yana numfashi, ko da za a kore ka. Masu iya wa'azi a bainar jama'a kuwa, kafin ku yaba musu, ku tambaya a ina iyayensu suke kwana.